Yadda Anka Karya Baiwa a Garinmu

Abin da zan faɗa ya faru ne shekarar da anka kafa mana pompon ruwa na biyu, wanda ke bayan lakwal, makarantar boko. Ita ce ta bi shekarar da korama ta cinye gonakin albasa na gangare, har 'yan kasuwar Tamaske sunka daɗe ba su ga kayanmu ba. Dakon duwatsun porje, aikin nan na tare zaizayar ƙasa, wanda mu mata munka yi har gashin tsakar kanmu ya ƙare, ya jima da wucewa. Yaran da munka goya muna dakon nan, su ne magidanta a lokacin. Mijina ya riga ya rasu. Ɗana na fari yana Abijan wurin biɗa, kamar rabin mazan garin, ya bar mini matarsa da ɗiyarsu guda. Ba ni faɗin sunan kowa. Na gari sun san kansu, na nesa kau suna ba ya ƙara musu komi.

Ni ban shiga lakwal ba ko na wuni guda, kuma ban taɓa jin an rage ni ba. Kakannin ubana ne sunka haƙa rijiyar farko ta garin nan. Magana kau tun ina budurwa tawa ce: in na ɗauko gatana, mai daka tana aje taɓarya. Don haka in na ce an ɓata kalma, na san abin da nake faɗi.

Kalmar ita ce baiwa. Yarinyar maƙwabta da ke rubuta mini wannan ta ce a takarda guda ce. A baki biyu ce, kowane Bahaushe ya sani. Akwai wadda ake faɗi murya miƙe, ba lanƙwasa: abin da Allah ya zuba wa mutum ba tare da malami ba. Akwai kuma wadda ake karya wa murya daga farko, ta faɗo kamar an saki guga: macen da anka kamo ko anka saya.

Ta farkon, tun dauri ba a wasa da ita. A tasowata mutum biyu kaɗai na ji an ce suna da baiwa a garin nan. Akwai tsoho mai ɗori, wanda yake shafa ƙafar da ta karye ya gaya maka inda ƙashi ya gauce tun bai latsa ba. Akwai wata mata da in ta shiga ɗakin mai naƙuda, hankalin kowa ya kwanta. Su ma sai bayan idonsu ake faɗi, a ƙara da tubarkalla. Yaro kau sam. Yaro mai zama kan abu har ya iya, mai ƙoƙari ne. Mai saurin ɗauka, mai kai ne. Malamai na cewa haziƙi. Mai wayo kuma ba yabo ba ne, kashedi ne, ka ɗauke kwanonka. Amma in an ga yaron da abin nasa ya wuce duk wannan, sai a yi shiru a rufe shi kamar yadda ake rufe ƙwarya saboda ƙuda. Uwata in ta ga irinsu cewa take, “Kai, wanga wawan yaro, tashi ka ba mutane wuri,” ta juya ta tofa a gefe. Kowa ya gane, bakin mutane take kore masa. Yanzu fa? Yaro ya latsa salula waƙa ta fito, uwarsa na rangaɗa guɗa ta haifi ɗan baiwa. Kalmar ta zama kamar zanen aro, kowa ya ɗaura ya je buki.

Jikata ita ce ta uku da na gani da idona, kuma ba don tawa ce ba. Tana ƙanƙanuwa, haƙoran gaba ba su ma fara zuba ba, na tafi da ita kasuwar Tamaske. Munka tarar da wata Bafillata mai nono da wata Buzuwa mai cuku suna rigima kan inuwa, kowacce da harshenta. Munka tsaya kaɗan munka wuce. A hanyar komowa, sai na ji Bafillatar nan a bayana. Na waiwaya, ba kowa sai jikata, ta riƙe ƙugu, tana zuba Fillanci. Ta koma ɗaya gefen hanya ta rama da na Buzaye, har da yadda matar ke jan gyale. Ba ta san ma'anar ko kalma guda ba, amma wani makiyayi da ya biyo mu da awaki ya zauna ƙasa don dariya, ya ce ba ta zubar da komi ba. Na toshe mata baki da tafin hannuna har munka shiga gari.

A gida ma ba ta bar ni na sarara ba. In ina gatana sai ta ce, “Tsohuwa, bara ba haka kinka ce ba. Bara kura ce ta fara leƙa rumbun.”

“Ke, ƙawar banza, gatanar taki ce ko tawa?”

“Taki ce, amma kin tsufa, ni ke aje miki.”

Ban taɓa ce mata komi ba sai “wawuya”. Uwarta ma haka.

Dole in yi maganar uwar, don a nan ne ƙaya take. Kakar surukata an zo da ita daga kudu a bayan raƙumi tana ƙarama. Ta yi daka da ɗiban ruwa a zangon wasu masu dabbobi arewa da Keita, har zamani ya sake, ta sauko ta zauna cikin manoma. Duk wani mai furfura a garin nan ya san haka, kuma ba a faɗi. Uwar surukata ƙawata ce ta dakon duwatsu, gammo guda muke karɓa-karɓa. Ni na ga ɗiyarta, na ce ɗana ba shi da mata sai ita. 'Yan uwana sunka zo da “amma”, na ce musu gidana ne, wanda tuwonsa ya fi ƙarfin wuyansa ya daina zuwa. A bakinmu na Adar, ɗiya ita ce yarinyar da ka haifa, ita ce kuma macen da ba wanda ya mallake ta. Surukata ɗiya ce ta kowane gefe, hankalinta ya fi na masu ƙirga kakanni.

Da anka sa yarinyar lakwal, ba a daɗe ba anka tsallakar da ita aji, ta iske waɗanda sunka girme ta. A ajin nan akwai ɗan mai injin niƙa, wanda tun shigarsa shi ke zuwa na ɗaya. Yaron kirki ne, mai ƙoƙari, ba ni da abin faɗi a kansa. Malaminsu, wanda muke ce wa Mushe, saurayi ne daga wajen Damagaram, mai son aikinsa, ba ya duka sai ta kama.

Ranar da za a sallami yara hutun damina, anka tara iyaye a filin lakwal da hantsi. Anka aro amsa-kuwwa. Mushe ya kira jikata ta fito gaban jama'a, ya ɗora mata hannu a ka.

Ya ce, “Iyayena, na koyar a wasu garuruwa kafin nan, ban taɓa ganin irin wannan yarinya ba. Abin nata ya wuce ƙoƙari. Wannan 'yar baiwa ce.”

Miƙe ya faɗe ta, ni shaida ce. Bai karya ba, bai yi nufin komi ba sai alheri. Amma ya buɗe ƙwaryar a tsakiyar kasuwar ƙuda, ko tubarkalla bai sa ba. Anka tafa. Na dubi gefen mata na ga matar mai injin ba ta tafa ba, tana gyara ɗaurin kallabi, tana ɗan murmushi kamar wadda ta tsinci allura.

Kwana kaɗan bayan haka munka aiki yarinyar niƙa. Ta komo da ƙwaryar gari a ka, ta aje, ta tsaya gabana. Uwarta na surfe a gindin itacen bedi.

“Tsohuwa, mi ne ne ɗiyar baiwa?”

A karye ta faɗe ta. Kuma da muryar matar mai injin ta faɗa, har da ɗan hancin nan nata, don kunnen yarinyar ba ya zubar da komi. Taɓaryar uwarta ta tsaya a sama.

Na ce, “Wa ya ce miki haka?”

“Inna ta gidan inji. Ta ce, matso da hatsinki ɗiyar baiwa, ku ai niƙa gadonku ne. Matan wurin sunka yi ta dariya. Ba irin ta Mushe ba ce, ko? Ta Mushe tsaye take, wagga kau ta durƙusa.”

Uwar ta ci gaba da surfe, ba ta ɗago ba. Ni kau na ja mayafina.

Na tarar da matar mai injin zaune kan buhu tana karɓar ƙoren masu niƙa, inji na ta ihu. Na sa mijinta ya kashe. Na ce ta maimaita mini abin da ta ce wa jikata.

Ta ce, “Lafiya, Gwaggo? Ɗiyar baiwa na ce.” Miƙe sak, kamar sandar liman. “Ba haka Mushe ya ce ba gaban kowa? Ko an hana mu taya ku murna?”

“Gadon niƙa fa?”

“A'a, wace mace ce ba ta gaji niƙa ba? Ni ga ni a kansa.”

Matan wurin kowacce ta sunkuyar da kai cikin ƙwaryarta. Cikinsu akwai wadda na yi wa wankan jego da hannuna. 

Nan na gane irin ƙazantar abin. Zagi na sosai, ka ji shi, ka rama, a raba ku, a ba da haƙuri. Wannan kau zagi ne mai ƙofar baya. A faɗe shi a karye, in ka juyo a miƙe shi a ce yabo ne, kai ne mai mugun kunne. Kafin a gama noman farko ya cika gari. Yara a bakin pompo, 'yan mata a hanyar itace, har wasu ƙatti masu gemu da ke zaman banza a gindin shago. Wasu ma sun gano wata murya ta tsakiya, ba miƙe ba ba karye ba, wadda ko ni sai na tsaya na auna. Mutanen da ba su iya gaisuwa ta cika ba, ga su sun zama gwanayen lanƙwasa harshe. Waɗanda in an bi nasu kakannin ma ba a san inda za a kwana ba, su ne kan gaba.

Na sa anka kira mini ɗana a salula. Ana ta hayaniyar motoci a bayansa.

Ya ce, “Inna, magana ce fa. Ku ƙyale su, za su gaji.”

Na ce, “Kai da kake can kana sayar da agogo, mi ka sani? Ɗiyarka ta daina zuwa pompo sai rana ta take, lokacin da ba kowa.”

“To mi ita uwarta ta ce?”

Uwarta cewa ta yi a bari. Ta ce, “Inna, in kin bi ta tawa, kar ki kai maganar ko'ina. Abin da ba a faɗa da sunansa ba yana mutuwa.”

Ban bi ta tata ba. Jikar gidan da ya haƙa wa gari rijiya ba a mayar da ita abin wasan bakin inji ina raye. Na kai ƙara wurin mai gari.

Anka zauna a rumfar ƙofar gidansa da safe, bayan an komo daga kewayen gona. Akwai mai gari, tsoho ne, kunnensa guda ya mutu. Akwai liman da dattawa. Anka kira Mushe, don bai tafi gida hutu ba. Matar mai injin ta zo da sabon zane. Surukata ta zauna bayana, ta ja mayafi har goshi. Mutane sunka cika bayan danni, kamar ana rabon taimako.

Mai gari ya ce wa matar ta faɗi abin da ta faɗa. Ta faɗa, miƙe.

Ya juyo gare ni. “To, Yaya, ina laifin wannan?”

“Ba haka ta ce ba, ranka ya daɗe.”

“Ƙaƙa ta ce?”

Sai na faɗa masa yadda ta ce. Ya karkato da kunnen mai rai, ya ce bai ji ba, in ɗaga murya. Na ɗaga. Har na bayan danni sunka ji.

Matar mai injin ta tafa hannu a hankali. “To, jama'a kun ji dai. Daga bakin kakarta ta fito, ba daga nawa ba. Ni ban ma iya faɗinta haka ba.”

Anka yi dariya, har da wasu dattawan. Daga nan zaman ya lalace. Kowane tsoho sai da ya ɗanɗana kalmar a bakinsa, wannan ya miƙe ta, wancan ya karya, wani ya ce a'a, ba haka ake karyawa ba, ga yadda mutanen Bangi ke yi. Suna ta juya ta kamar masu tayin akuya, mai abin tana zaune bayana ina jin numfashinta. Mushe, bawan Allah, zufa ta jiƙa masa riga. Ya tsuguna ya rubuta a ƙasa da tsinke sau biyu, ya ce shi ga abin da ya nufa, amma a rubuce ba su da bambanci. Mai gari ya leƙa ƙasa ya gyaɗa kai, shi da ba ya karatun boko.

Liman ya yi gyaran murya. “Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wace mace ce a nan ba baiwar Allah ba? Ni bawa ne, mai gari bawa ne.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, da ta ƙarasa da sunan Allah, da ban ɗauko mayafina ba. A rabi ta tsaya.”

Ya ce haka ne, ya koma jan carbi.

Sai wani tsoho daga gefe, wanda ba a tambaye shi ba, irin waɗanda ba su da gona sai tarihin gidajen mutane, ya ce, “To ni dai, in gaskiya za a bi, ko a karyen ma ai ba ƙarya anka yi ba.” Ya fara: wance ta haifi wance, wance ta haifi wance, har ya kai kan raƙumin. Ya faɗi sunan zangon. Abin da garin nan ya rufe tun kafin a haife ni, ya kwance shi a rumfa da rana tsaka, yana sosa ƙafa. Mai gari ya daka masa tsawa, amma sai da ya gama. Na ji motsi bayana. Surukata ta tashi ta ratsa mutane ta tafi, ba gudu, ba kuka.

Hukuncin da anka yanke shi ne wannan: daga ranar, ba mai ƙara ce wa yarinyar ɗiyar baiwa, ko a miƙe ko a karye. Wanda ya ƙara, za a haɗa shi da jandarma. Wato ta Allah da ta shaiɗan anka haɗa anka rufe a rami guda. Matar mai injin ta ce ta ji ta bi, ta durƙusa ta yi godiya, ta kakkaɓe sabon zanenta. Ba a ce ta ba kowa haƙuri ba, tunda ba a kama ta da komi ba.

An bi doka, ba na ce ba a bi ba. Ba wanda ya ƙara faɗin kalmar. Amma harshenmu ba sai da baki ake yinsa ba. Duk wanda ya taɓa jin kalangu ya kira sunan mutum ya san haka. Yaran pompo sunka koma buga ta a gindin bido, jarkar ɗiban ruwa. Yarinya na tahowa da nata bidon, sai ka ji an ɗan ƙwanƙwasa, dum-dum, dum-dum, na ukun ya faɗo. Wasu da fito suke yi. Wasu a hanci, baki rufe, suna kallon sama. Wa za ka kai wa jandarma? Ka ce yaro ya buga bido? Wata rana da kaina na ji wata uwar 'ya'ya, mai jikoki ma, tana yi da ludayi a bakin ƙwarya sa'ad da munka wuce, ta kuma gaishe ni da ladabi.

Da anka koma lakwal girbi ya kusa, jikata ta canza. Ta daina gyara mini gatana. In na sauya da gangan, na sa zomo inda kura take, sai ta dube ni kawai. Wata rana Mushe ya yi sallama a ƙofar gida da la'asar, ya tsaya daga zaure da takardun jarabawa a hannu.

Ya ce, “Iya, yarinyar nan da gangan take faɗuwa. Lissafin da ta yi bara ido rufe, yanzu sai ta yi shi daidai har ƙarshe, ta sauya lamba guda. Wanda bai iya ba ba haka yake kuskure ba.”

Na kira ta. “Ke, gaskiya ne?”

Ta ce, “In na zo ta tsakiya, ba a kiran sunana a fili.”

Mushe ya ce, “Laifina ne. Da na sani da cewa na yi tana da ƙoƙari.”

Na ce masa ba laifinsa ba ne, gaskiya ya faɗa, sai dai a garinsu ban san yadda ake ba, a nan ba a shanya gaskiya irin wannan a fili. Ya tafi yana share ido da hannun riga. Ɗan mai injin ya koma na ɗaya. Na ji an ce shi kansa yaron bai yi murna ba, har ya taɓa marin wani mai buga bido, uwarsa ta zane shi.

Da anka gama ɗaure hatsi anka zuba a rumbu, surukata ta same ni ina tsince wake. Ta durƙusa nesa kaɗan, kamar baƙuwa.

“Inna, na yi magana da ubanta, ya yarda. Za mu koma Madawa wurin yayana. Akwai lakwal kusa da gidansa.”

“Ki bar ɗakinki saboda masu buga bido?”

“Ba saboda su ba ne kaɗai. Da can suna yi ina yin kamar ban ji ba, su ma suna yin kamar ba su ce ba. Yanzu an faɗa gaban maza, da sunan zango. Ba sauran kamar.”

Na ce, “To ni ce na faɗa?”

Ta ce, “A gidanki ban taɓa jin ta ba, Inna, tun ranar da anka kawo ni. Allah ya saka miki. Amma na roƙe ki ki bari.”

Na ce mata in yau anka sake, gobe ma ƙara zan kai. Har yanzu haka nake cewa. Wanda ya kwance magana a rumfa da wadda ta fara karya ta a bakin inji, su ne da alhaki, ba wadda ta ce a daina ba. Na ce ta tafi ita, ta bar mini yarinyar, ni na isa in tsare ta. Ta ce a tambaye ta. Anka kira ta, ta zo ta tsaya tana murza bakin zane.

“Ƙawata, ki zauna da ni. Wa zai aje mini gatana?”

Ta ce, “Tsohuwa, a Madawa an san mu?”

Uwarta ta ce ba a san su ba.

“To can nake so.”

Ranar kasuwa sunka bi motar albasa. Na raka su bakin hanya, na ɗaura wa jikata gumba a gefen mayafi. Ko a nan, muna tsaye muna jiran direba ya gama ɗaure kaya, wani yaro a kan amalanke ya ɗan buga bidonsa. Na nufe shi da sandata, ya ce jakinsa yake kora.

A Madawa yarinyar ta koma ta ɗaya tun zangon farko, ta wuce kolej, yanzu tana gaba da nan, karatun da ban san sunansa ba. Uwarta ta ce tun ranar farko ta je ta roƙi malaman, in yarinyar ta yi abin kirki su rubuta a takarda su ba ta, kar su faɗa a taro. Ɗana da ya komo daga biɗa can ya sauka, ya kama rumfa a bakin titi. Yana zuwa da damina ya yi noma ya koma. Jikata kau ba ta ƙara taka garin nan ba. Kowace salla ina sa a kira ta, in ce ta zo ko kwana guda, masu bidon duk sun girma sun watse. Takan yi dariya ta kwaikwayi muryata, har da tarin, ta ce ni in zo, akwai katifa. Na je sau ɗaya, hayaniyar moto ta hana ni sakewa, na komo ɗakina.

Kalmar kau ta dawo gari abinta, doka ta bi mai ita. Bara anka yi wa wani yaro guɗa an ce ɗan baiwa ne don ya gyara fitila mai batir. Ni ban ƙara sa ta a bakina ba, ko wacce, sai yau da nake ba da labarin nan, kuma na ji kamar na tauna ƙasa.

Mai gari ya rasu, ɗansa ke kai. Liman ya rasu. Tsohon mai ƙirga kakannin mutane ya rasu, ba a samu masu ɗaukar gawarsa da yawa ba, damina ce kowa na gona. Mai injin ya rasu, injin ma ya mutu, ɗan nasu yana Libiya. Cikin waɗanda sunka zauna a rumfar nan, Mushe na nan da rai, an ce ya zama direktan lakwal can gabas. Surukata na Madawa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Sai matar mai injin, haƙoranta sun zube, magana ma da ƙyar ake gane ta, kullum tana zaune ƙofar gida tana ce mini ina kwana Gwaggo. Sai ni.